Rabin Mataki

"Tashi daga kan fiyanon nan!"

Ƙarar da marfin fiyanon ya yi sai da kofin shayin da ke hannuna ya kusa suɓucewa. Ba don Wendell ya zare yatsunsa da sauri ba, da a asibiti za mu yini ranar.

Na tsaya cak a bakin ƙofar falo.

Babana ne fa. Mista Alphonse Lacour, wanda ya haura shekara hamsin yana rera tsofaffin waƙoƙin jazz, kiɗan baƙaƙen Amurka, a birnin New Orleans da muryar nan tasa mai sanyi, mutumin da ko kare bai iya yi wa tsawa ba. Shi ne tsaye yana huci, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Baba, lafiya? Me ya yi?"

Ko kallona bai yi ba. Idonsa na kan Wendell, mai buga masa fiyano, wanda zobensa na alkawari ke ɗan yatsana.

"Tambayarka nake, yaro. Ka sauke ni ko ba ka sauke ni ba?"

Wendell ya miƙe a hankali, ya haɗa hannayensa a baya.

"Na sauke, Mista Alphonse."

"Nawa?"

"Rabin mataki... A wasu waƙoƙin, mataki guda."

"Tun yaushe?"

"Tun bara, bayan ciwon ƙirjin nan da ka yi."

Ni 'yar mawaƙi ce, amma da ake rabon kunnen kiɗa ina kicin, ban samu ko kaɗan ba. Sai daga baya na gane abin da suke nufi. Kowace waƙa tana da matakin da aka saba ɗora ta. Mai fiyano ne ke buɗe waƙa, kuma inda ya ɗora ta, nan mawaƙi zai hau. In ya sauke ta ƙasa kaɗan, mawaƙin ba lallai ya gane ba, sai dai ya ji maƙogwaronsa ya saki, ya ɗauka yau ya tashi da ƙarfi. Abin da Wendell ya daɗe yana yi wa Baba ke nan a ɓoye.

"Wato ni ina gaban jama'a ina cika baki wai muryata ba ta tsufa ba, kai kuma kana bayana kana janye mini tsani ƙasa!" in ji Baba. "Abokina Cleon ya sani?"

"Dole ya sani. Shi ke riƙe da bas, ƙaton molon nan mai kaurin sauti, tare muke sauka."

"Madalla! Duk kun sani. Tsohon banza ne a gaba, ku kuna ƙifta wa juna ido."

"Ba wanda ya taɓa yi maka dariya. Na rantse da Allah."

"Ka rantse? Wanda zai yi mini ƙarya da yatsunsa goma, me zai hana ya yi wa 'yata da bakinsa ɗaya?"

Ranar Lahadi mai zuwa ne za a ɗauki faifan Baba na ƙarshe. Shi da kansa ya ce na ƙarshe ne, ya kuma ce ba zai shiga ɗakin ɗaukar murya a yi ta yanka ana liƙawa ba. A gaban mutane yake so, ba lasifika, ba kayan kiɗa na lantarki, yadda aka yi a zamanin samartakarsa. Ya shekara yana tanadin ranar.

"Ji nan," in ji Baba. "Ranar Lahadi za ka buga kowace waƙa a inda take a faifaina na da. Ko ƙwayar zarra ba za ka sauke ba."

"Ba zan iya ba, Mista Alphonse."

"Ba ka iya ba?"

"Na iya. Yi ne ba zan yi ba. Ba zan kai ka bakin rami da hannuna a gaban mutanen da ke ƙaunarka ba."

Sai a lokacin Baba ya juyo gare ni, idonsa jawur.

"Kin ji shi, Lorette? To ki ji nawa. In kika auri yaron nan, ki nemi wanda zai riƙe hannunki ya kai ki gaban limamin coci, ba ni ba. Ko shi, ko ni!"

Wendell ya dube ni.

Kallona kawai yake, yana jiran abin da zan ce.

Ni ce fa Lorette, wadda masu kifi a kasuwa ke canja hanya in sun hango ni saboda bakina. Amma ranar harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Na sunkuyar da kai ina kallon kofin shayi, har na ji Wendell ya ɗauki hularsa, ya ja ƙofa a hankali.

*

Rochelle ce ta haɗa wannan wutar.

Mawaƙiya ce, kyakkyawa, ba zan hana ta abin da Allah ya ba ta ba. Ta daɗe tana zawarcin Wendell ta fuska biyu: tana son hannunsa a kan fiyano, tana son sauran jikinsa a gidanta. Ta samu aiki a wani kulob na kiɗa a birnin Chicago, ta yi ta lallaɓarsa su tafi tare, ya ce shi ba inda za shi, yana da tsoho yana da amarya.

Da safiyar ranar da abin ya faru, ina wurin aiki, ta zo gidanmu da kwalin kek wai ta zo gaida Baba. Ta zauna a kan fiyano, ta buɗe wata waƙarsa a matakinta na asali, ta ce ya ɗan rera mata ta samu albarka. Baba ya hau, ya hau, da ya zo ƙololuwa sai muryar ta ƙi. Ita kuwa ta dafe ƙirji.

"Wayyo, Mista Alphonse, ka yi haƙuri! Na manta Wendell yana sauke maka. Ai na ɗauka ka sani, tunda duk gari an sani..."

Maƙwabciyarmu ce ta jiyo ta taga, ta kwashe ta kawo mini har kicin, da gishirinta da yajinta.

A gidan abincin Gwaggo Ula nake aiki, ƙanwar Baba. A nan na fara ganin Wendell. Duk Litinin sai ya zo cin shinkafa da jan wake, kuma duk Litinin sai ya aiko a ce wa mai girki yaji bai ji ba. Rannan na fusata na fito da kwalbar yaji, na juye masa rabi a faranti. Ya cinye tas, hawaye na zuba, gumi na zuba, ya ɗago ya ce, "Yanzu da kika fito, ina wuni?" Dariya ta ƙwace mini. Daga ranar na faɗa, ban sake tashi ba.

Gwaggo Ula dama ba ta taɓa son maganar ba. Da ta ga ina yanka albasa ina kukan da ya wuce na albasa, sai ta ja tsaki.

"Share hawayenki, Allah ne ya cece ki. Makaɗi miji ne? Ki tambaye ni abin da uwarki ta gani a hannun ɗan'uwana. Yau yana Memphis, gobe yana Houston, ita tana gida da ke a goye."

"Wendell ba haka yake ba, Gwaggo."

"Duk haka muka ce. Ke dai ki lallaɓa ubanki ya yi faifansa lafiya. Zuciyar nan tasa ba ta da ƙwari, in wani abu ya same shi, kya san inda za ki sa kanki."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta zauna mini a ƙirji, ta ƙi sauka.

*

Washegarin faɗan da hantsi na sami Wendell a bakin kogi, kan bencin da muka saba zama. Bai yi aski ba, rigarsa ta jiya ce a jikinsa. Ina zama ya kama hannuna ya riƙe da duka nasa biyun.

"Rabin raina... kin yi barci kuwa?"

"Ina fa! Me ya sa ka yi, Wendell? Me ya sa ko ni ba ka faɗa mini ba?"

"Da na faɗa miki, da fuskarki ta tona mu tun ranar farko. Ba ki iya ɓoye komai ba." Ya yi ɗan murmushi, ya gushe. "Ranar da ya dawo waƙa bayan asibiti, na ga yana miƙa wuya yana neman sautin da ya riga ya bar shi. Na ga tsoro a idonsa, Lorette. Mista Alphonse yana tsoro! Kawai sai na ji hannuna ya sauka da kansa. Da ya gama waƙar ya juyo yana dariya, ya ce mini, 'Ka ji ni, yaro? Har yanzu ina nan!' In ke ce ni, me za ki ce masa?"

Na share hawaye.

"Ka je ka ba shi haƙuri mana. Ka buga masa yadda yake so, sau ɗaya tak."

"Haƙuri zan ba shi ko sau dubu ne. Amma ba zan buga ba. A ranar nan ba a maimaitawa, duk abin da ya fita daga bakinsa ya shiga faifai ke nan har jikokinsa su ji."

Wani jirgin ruwa ya wuce yana busa ƙaho. Muka jira ya yi nisa.

"Kulob biyu sun kira ni yau da safe," ya ce. "Sun ce in ɗan huta tukuna. Kin san garin nan. Wanda Mista Alphonse ya kora, ba mai son a gan shi da shi."

"Sai makirar nan Rochelle ta buɗe maka ƙofar Chicago, ko?"

"Jirgin ƙasa na yammacin Lahadi. Ta ajiye mini kujera."

Na fizge hannuna.

"Ka san ita ta yi mana wannan, kuma za ka bi ta?"

"Na sani sarai. Ba sonta nake ba, ba kuma zan taɓa sonta ba. Ban ce zan tafi ba, Lorette. Abu ɗaya nake so daga gare ki." Ya sake kamo hannun. "Ban ce ki bar mahaifinki ba, ba zan taɓa cewa ba. Tashi mu je gida yanzu, ki tsaya a gabansa ki ce, 'Baba, ina ƙaunarka, amma Wendell zan aura.' Shi ke nan. In kin faɗi haka, ko wankin kwanuka ne zan yi a garin nan, zan zauna."

"Bayan Lahadi, don Allah. Kada in tayar masa da hankali kafin faifan. Ana gamawa zan faɗa masa, na yi maka alkawari."

Ya girgiza kai a hankali.

"Da na nemi aurenki, kin ce in bari sai ya warke. Da ya warke, kin ce sai bayan Kirsimeti. Kullum da wata Lahadin a gaba, masoyiyata."

"Wannan ce ta ƙarshe!"

"Ina ɗakina duk makon nan," ya ce. "Ba zan kulle ƙofa ba."

Ban je ba. Kullum sai in sa takalmi, sai in jiyo Baba a falo yana gwaji da sabon mai fiyano, yana tari, yana sake hawa, sai in cire takalmin in ɗora ruwan zafi. Na gaya wa kaina Wendell zai jira, tunda bai taɓa ƙin jira ba.

*

Lahadi bayan an taso coci, tsohon zauren taro na unguwarmu ya cika. Baba ya zaɓe shi ne don katakon ƙasansa da dogon rufinsa, ya ce murya tana jin daɗin zama a ciki. An rufe tagogi, an kashe fankoki saboda ƙararsu, kowa na fifita da takarda cikin kayan coci. Makirfo ɗaya tal aka kafa a tsakiya. Mai ɗaukar sauti ya roƙi jama'a da su riƙe tari da kujerunsu, don ba abin da za a iya cirewa daga baya.

Baba ya fito cikin farar kwat ɗin da na goge masa da asuba. Mista Cleon, abokinsa tun suna 'yan makaranta, ya rungumi ƙaton bas ɗinsa, fuska a murtuke, don tun ranar faɗan Baba bai yi masa magana ba. Mai ganga ya ɗauki 'yan tsintsiyoyin ƙarfen da yake kaɗa ganga da su. A kan fiyano wani dattijo ne da aka ɗauko daga otal, mai hannu ne, ba laifi, kuma an gaya masa ya buga komai a inda yake a da.

Ina kujerar gaba, kusa da Gwaggo Ula. Na waiga bakin ƙofa har wuyana ya gaji.

Waƙoƙin farko sun tafi da ƙyar. Jama'a na tafi, amma ni na san Babana. Na ga yadda yake damƙe aljihun kwat, na ga gumi na bin kunnensa, na ga yana ɗaga diddige duk lokacin da waƙa ta hau sama, kamar mai son ɗauko abu a kan kabad.

Sai aka zo kan waƙar Mama.

Ita yake rerawa ranar da ya fara ganin Mama, ita kuma ya rera a kan kabarinta. A kusa da ƙarshenta akwai wani dogon sauti can sama, wanda a da in ya riƙe shi mata ke ihu.

Ya ja numfashi, ya hau...

Muryar ta tsage.

Wani irin sauti ne ya fito, siriri, abin tausayi. Fiyano ya tsaya. Gwaggo Ula ta damƙi cinyata har sai da na ji farcenta. Mai ɗaukar sauti ya ɗaga hannu zai tsayar da na'ura.

"Bar shi ya juya!" in ji Baba. "Mu koma daga baya kaɗan."

Aka koma. Ya sake hawa, da duk ƙarfin da ya rage masa.

Ta sake tsagewa, a wuri ɗaya.

Wata tsohuwa a baya ta fara shessheƙa. Baba ya tsaya da kai a sunkuye, ni kuwa ji nake kamar in tashi in rufe shi da jikina kada kowa ya gan shi.

Can ya ɗago, ya juya wajen abokinsa.

"Cleon."

"Na'am, Alphonse."

"A ina yaron nan yake ɗora ta?"

Mista Cleon ya kaɗa igiya ɗaya ta bas ɗinsa, sauti mai kauri ya cika zauren.

"Nan?"

"Nan. Tun bara a nan kake, tsohon taurin kai. Kuma ba ka taɓa yin daɗi kamar yadda ka yi a nan ba."

Wasu suka yi 'yar dariya cikin hawaye. Baba ya ɗaga wa dattijon fiyano hannu cikin ladabi, ya ce ya huta. Ya matso kusa da makirfo, ya lumshe ido, ya ɗauko waƙar daga farko, daga shi sai bas.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ba muryar faifansa na da ba ce. Muryar tsoho ce, mai kaushi kaɗan, wanda ya binne matarsa kuma ya san ya sha barinta ita kaɗai. Bai yi faɗa da waƙar ba, hira ya yi da ita. Da ya zo kan sautin nan, ya same shi a saitin bakinsa, ya riƙe shi a hankali har ya ƙare don kansa. Gwaggo Ula, da ban taɓa ganin hawayenta ba, ta rufe fuska da hularta.

Ko ni da ba ni da kunne na ji.

A al'adarmu, mawaƙi ba ya sauka sai ya kira sunan makaɗansa ɗaya bayan ɗaya an tafa musu. Wanda ba a kira ba, kamar bai taɓa zama a wurin ba ne. Baba ya kira mai ganga, ya kira Mista Cleon, ya gode wa dattijon otal. Aka ɗauka ya gama. Sai ya sake matsowa.

"Akwai wanda ba ya nan. Ya shekara yana ɗauke da ni a bayansa, ni ina zaton da ƙafata nake tafiya. Da na gane, maimakon in gode masa, korarsa na yi. Jama'a, a kan fiyano, Wendell Marchand!"

Zauren ya ɗauki tafi, mutane suka miƙe. Baba ya nemo ni da ido.

"Lorette, 'yar lelena, me kike jira? Je ki kawo mini shi!"

Kafin ya rufe baki na kai ƙofa.

*

A tashar jirgin ƙasa na same su, jirgi na tsaye ana ta shiga. Rochelle ce ta fara hango ni, tana sanye da wata doguwar kwat kamar an riga an isa Chicago.

"Ikon Allah! 'Yar Baba an samu izinin fita?"

Ko ta kanta ban bi ba. Na faɗa jikin Wendell ina haki, ina dariya, ina kuka.

"Ya kira sunanka! A gaban kowa, a cikin faifai! Ya sauko, Wendell, ya rera waƙar Mama a inda kake ɗora masa!"

Ya riƙe kafaɗuna, idonsa ya ciko.

"Ya kai ta har ƙarshe?"

"Har ƙarshe! Duk zauren kuka ake."

"Na gode wa Allah," ya ce, ya share ido da bayan hannu. "Na gode wa Allah."

"Ɗauko jakarka mu tafi. Ya ce in zo in kawo ka!"

Hannayensa suka sauka daga kafaɗata a hankali.

"Shi ya ce."

"Eh mana! Da bakinsa!"

"Da bai ce ba fa, Lorette?"

Dariyata ta tsaya.

"Da a ce yau ya kai sautin nan da ƙyar, jama'a sun tafa, ya sauko da nasararsa... kina ina yanzu?"

Na buɗe baki. Na so in ce ina nan, a gabansa. Amma Wendell ya san fuskata, ni ma na san gaskiya: da ina gida ina dafa wa Baba shayi da zuma, ina cewa gobe.

"Duk makon nan ƙofata a buɗe take," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Duk takun da na ji a matakala sai na miƙe."

"Tsoro na ji, Wendell! Zuciyarsa..."

"Na sani. Ban ga laifinki ba, rabin raina. Ni ma don tsoron ɓata masa rai na yi abin da na yi. Amma gobe in ya sake fushi da ni, a ina zan same ki? Ba zan iya zama mijin da ake aiko matarsa ta kira shi ba, ranar da aka ga dama kuma a ce ta sallame shi."

"Zan canja! Yanzu ma zan je in faɗa masa!"

"Yanzu ai ya riga ki faɗa."

Maganar ta soke ni har ƙashi. Na riƙe rigarsa da hannu biyu, a gaban mutane, a gaban Rochelle, ba kunya.

"Don Allah kada ka tafi... Ina sonka, Wendell. Ban taɓa son kowa ba sai kai."

"Na yarda. Shi ya sa abin ya fi ciwo."

Ya sumbaci goshina, ya daɗe bai ɗago ba, na ji ɗumin hawayensa a fuskata. Sannan ya ɓamɓare yatsuna daga rigarsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ki ce masa ya riƙa shan ruwan ɗumi kafin ya hau. Kuma kada ya sake fara wasa da waƙa mai sauri, numfashinsa ba ya kaiwa."

Ya ɗauki jakarsa ya shiga. Rochelle ta bi bayansa, ko murmushin mugunta ba ta yi ba. Da ta yi ma, da na samu wanda zan tsana.

Na tsaya har jirgin ya ɓace.

Rana na faɗuwa na isa gida. Baba na nan da farar kwat ɗinsa, bai ko sassauta wuyan riga ba. Mutumin da bai taɓa ɗaukar cokali daga kicin ba, shi ne ya shimfiɗa zanen tebur na Mama, ya jera faranti uku, cokula duk a karkace. Yana jin motsin ƙofa ya miƙe da fara'arsa, yana leƙen bayana.

"Ina yake?"

"Ya tafi, Baba."

Fara'ar ta zube. Ya dafa kujera.

"To a nemo mini lambarsa. Zan kira shi, zan roƙe shi. In ta kama in hau jirgi in je in durƙusa masa, zan je."

"Ba da kai yake fushi ba. Kai tun a falo ya yafe maka."

"To da wa?"

Na ɗauki faranti na uku, na goge shi duk da ba abin da ya taɓa shi, na mayar kabad.

"Lorette... 'yar lelena... ki yi magana mana."

Tun da aka haife ni, ranar ce Babana ya fara roƙona in yi magana. Ni kuma ba ni da sauran abin faɗa.